Gawayi ko Esi Mai Ɗumi? Muhawara Kan Ɗakin 'Yan Tsaki da Shagon Sana'a a Tambuwal da Kebbe

Gini ɗaya ne, amma sau biyu a shekara yake gallabar mai shi. A Disamba da Janairu, idan iskar hunturu ta kaɗo, sanyin asuba a yankin Tambuwal da Kebbe kan sauko zuwa wajen digiri 15 a ma'aunin Salshiyas. Ga mutum, rigar sanyi da bargo sun wadatar. Ga ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe a Ibadan, aka zubo shi a kwali ya kwana a mota, wannan sanyi ajali ne, domin a makon farko yana buƙatar ɗumin digiri 32 zuwa 35 dare da rana. Wata uku bayan haka, rufin kwanon da ya kasa riƙe ɗumi shi ne zai tara zafi. A Afrilu rana kan haura digiri 40, kajin ƙwai su saki fukafukai suna haki, ƙwai ya ragu, wasu su faɗi matattu. Tela da mai gyaran waya kuwa, daga azahar sai fifita.

Duk wanda ya kafa sola a gonarsa ko shagonsa, ko yake shirin kafawa, ba zai rasa yin wannan tunani ba: tunda akwai esi mai ba da sanyi da ɗumi duka biyu, me zai hana a liƙa shi a bango a huta da kurfotin gawayi da fanka gaba ɗaya? Masu cewa a yi suna da hujja, masu cewa a bari ma suna da tasu.

Wace irin na'ura ce?

Ita ce dai esin nan mai gida biyu da ake gani a bankuna da asibitoci: kai ɗaya a cikin ɗaki, ɗaya a waje, bututun jan ƙarfe biyu sun haɗa su ta ƙaramar huda a bango. Ba a shimfiɗa mata manyan hanyoyin iska a cikin silin kamar na manyan otal-otal. Ba ta ƙirƙirar zafi, kwasarsa take yi daga wani wuri ta kai wani. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da kan da ke waje ya ji hucin da yake fesowa, to zafin cikin ɗakin ne aka kwaso aka zubar. A irin mai ɗumi akwai wani bawul da ke juya tafiyar gas ɗin, sai aikin ya koma baibai: a kwaso zafi daga iskar waje, ko da tana da sanyi, a zuba shi cikin ɗaki. Galibin waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu sanyi kaɗai suke yi, don haka sai mai saye ya tambaya takamaimai.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Lord Kelvin ya bayyana ta tun 1852. Na'urar sanyaya wuri ta zamani ma a wurin sana'a aka fara kafa ta, a wata maɗaba'a a Burukilin ta Amurka, inda Willis Carrier ya tsara ta a 1902 don laimar iska tana ɓata aikin buga takarda. Kamfanonin Japan ne suka yaɗa irin mai gida biyu, Toshiba kuma ya fito da mai infata ta amfanin gida a 1981, wadda ke rage gudu da ƙara shi gwargwadon buƙata maimakon kunnawa da kashewa. A Norwe, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni, kusan gida shida cikin goma da irin wannan na'ura suke ɗumama ɗaki.

Hujjojin masu cewa a saka

Hujjarsu ta farko lissafi ce. Hita ko ƙwan lantarki, idan ya ci yunit ɗaya na wuta, ɗumin yunit ɗaya zai bayar, ba ƙari. Wannan na'ura kuwa, da yake ɗauko zafin take yi ba haifar da shi ba, yunit ɗaya kan kawo ɗumin yunit uku zuwa huɗu. Kuma gwargwadon sauƙin sanyin waje, gwargwadon ƙwazonta. Abin da ke wahalar da ita a Turai shi ne ƙanƙarar da ke daskarewa a kan da ke waje, har sai ta dakata ta narkar da ita. A Dogon Daji ko Kuchi babu wannan. Ɗaga ɗumin ɗaki daga digiri 15 zuwa 30 aiki ne mai sauƙi a wurinta.

Ta biyu ita ce wahalar gawayi, wadda duk mai rainon 'yan tsaki ya san ta. Da magariba yaron gona zai hura kurfoti uku ko huɗu a waje, ya jira hayaƙi ya lafa, ya shigo da su ya ɗora a kan bulo a tsakiyar dusar katako. Sa'a ta farko zafi ya yi yawa, tsaki su watse zuwa jikin bango suna buɗe baki. Can tsakar dare garwashi ya lulluɓe da toka, ɗaki ya huce. Idan barci ya kwashe yaron, tsakin za su tattaru a kusurwa ɗaya suna hawa kan juna da wani siririn kuka mai kaifi, da safe a ɗaga na sama a tarar na ƙasa sun mutu. Waɗanda suka tsira ma, sanyin da ya buge su a kwanakin farko kan bar su da rauni, ba sa girma daidai da 'yan uwansu. Ga iskar nan mai guba da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe kaza tana kashe mutum. Ga kuma tartsatsi a kan busasshiyar dusa, a lokacin da iska ke kaɗawa. Na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta da harshen wuta, kuma inda aka saita ta nan take tsayawa.

Ta uku, suka ce, kuɗi ɗaya ne aiki biyu. Sanyin da ke buƙatar ɗumi a ƙasar Sakkwato bai wuce makonni ba, amma zafi yana cin rabin shekara. Kaza ba ta gumi, da haki kawai take rage zafin jikinta, wanda dama yana wajen digiri 41. Maganin rigakafi da ƙwan ƙyanƙyasa da magungunan kemis duk zafi yana lalata su. A nan kuma yanayi ya yi mana gata: lokacin da zafi ya fi tsanani shi ne lokacin da farantin sola ya fi ba da wuta. Mai shago zai iya kunna na'urar daga hantsi zuwa la'asar ba tare da ya dogara da batir mai yawa ba, ɗumin hunturu kuma ya zo masa a matsayin gyara.

Ta huɗu ita ce itatuwa. Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 11 na bakin hamada da shirin Babbar Katangar Itatuwa ya shafa, wanda aka kafa wa hukuma ta ƙasa a 2015. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tsadar rayuwa ta ƙaru, gas ɗin girki ma ya yi tsada, gidaje da dama suka koma gawayi. Kowane buhun da aka ƙona a ɗakin kaji wata bishiya ce ta tafi. Ba zai yiwu ana dashe da hannun dama ana sara da na hagu ba.

Ta ƙarshe, saukin kafawa. Ba sai an rushe gini ko an sake rufi ba. A yini ɗaya mai haɗawa zai gama, kuma ana iya farawa da guda a ƙaro wata idan hali ya samu.

Hujjojin masu cewa a bari

Su kuma tambayarsu ta farko gajera ce: ina wutar? Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba wuta a Sakkwato da Kebbi da Zamfara, kuma mazauna garuruwan da ke nesa da babban birni sun san yadda take zuwa. A Satumban 2023 gobara ta tashi a tashar wuta ta Birnin Kebbi, Sakkwato da Kebbi suka shiga duhu. A Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun haura mako guda babu wuta bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Mai shago idan aka ɗauke wuta gumi kawai zai yi. Mai tsaki dubu idan aka ɗauke ƙarfe biyun dare a watan Janairu, jarinsa ne ya tafi.

Idan aka ce sola, sai su ce ai da dare ake buƙatar ɗumi, lokacin da farantin yake kwance. Na'ura mai doki ɗaya da rabi tana jan wajen kilowat ɗaya idan tana cikakken aiki. A ce infata ta rage mata ci zuwa wat 700, daga magariba zuwa hantsi za ta sha yunit tara zuwa goma, wato manyan batiran litiyom biyu masu yunit biyar-biyar don ita kaɗai, ban da farantan da za su cika su washegari a cikin hazon da ke dusashe rana. Idan kuma aka ce janareta, ribar ta gudu. Ƙaramin janaretan fetur bai fi kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin man yake mayarwa lantarki ba, sauran ya tafi a hayaƙi da zafin inji. Ko na'urar ta ninka wannan sau uku, bai kai abin da za a samu ba in da gas aka ƙona kai tsaye a murhun rainon tsaki. Hatta da wutar gwamnati ratar ba ta da faɗi yadda ake zato. Kilo ɗaya na gawayi yana ɗauke da ɗumin wajen yunit takwas. Na'urar za ta ci yunit biyu zuwa uku kafin ta ba da haka. A farashin wutar rukunin A, wanda hukumar kula da lantarki ta NERC ta kai naira 225 a Afrilun 2024 kafin a ɗan rage shi, abin ya kama naira 450 zuwa 675. Kowa ya kwatanta da kuɗin kilon gawayi a kasuwarsu, sannan ya tuna ba a sa kuɗin sayen na'urar a ciki ba.

Hujja ta biyu ginin ne kansa. Ɗakin kaji a nan rabin bango ne da ragar waya, sama kwano babu silin, da hunturu a zagaye shi da tamfol ko buhuna. Garejin walda da na kafinta ma gabansu a buɗe yake. Na'ura mai doki ɗaya da rabi ɗumin ko sanyin da take bayarwa wajen kilowat uku da rabi ne, an yi ta don ɗakin kwana ko ƙaramin ofis mai rufaffiyar ƙofa. Kunna ta a rumfa mai tsawon mita talatin ɗiban ruwa ne da kwando.

To a toshe ko'ina mana, in ji mai goyon baya. A nan hujja ta uku take. Wannan na'ura ba ta shigo da sabuwar iska, ta cikin ɗakin take juyawa. Kashin kaji yana fitar da amoniya, wannan warin mai yaji da ke sa ido hawaye. Idan ta wuce kashi 25 cikin miliyan takan ƙona hanyar numfashin tsaki, ta buɗe ƙofa ga mura da sauran cututtuka. Dole a bar iska tana shiga tana fita, kuma duk iskar da ta fita da ɗumin da aka saya take tafiya.

Ta huɗu ƙura ce. A buɗe murfin esin da ya yi mako biyu a wurin da kaji suke: ragar tace iskar ta zama tabarma, garin abinci da gashin tsaki da dusa sun manne sun yi kauri, a bayanta siraran faifan alminiyon sun yi danƙo. Iska ta daina wucewa, kwamfuresa na ta nishi yana shan wuta a banza, mai gona yana zaton gas ne ya ƙare alhali shaƙewa ta yi. Amoniya kuma tana cin jan ƙarfe sannu a hankali har bututu ya huje. Kan da ke waje shi ma yana shan ƙurar hunturu. Haka abin yake a wurin kafinta da mai injin niƙa da mai casar shinkafa.

Ta biyar ita ce ta fi ƙarfi a wurin masana kiwo. Yawancin waɗannan na'urori, abin saitinsu a digiri 30 yake tsayawa, ƙasa da abin da tsako ke so a makon farko. Iska mai ɗumi sama take hawa, na'urar tana can kusa da rufi, tsakon kuwa yana ƙasa, tsayinsa bai kai tafin hannu ba. Murhun gas ko kurfoti yana haska zafi kai tsaye a jikin tsakon da shimfiɗarsa, kuma yana ba shi zaɓi: in ya ji sanyi ya matso, in ya ji zafi ya ja baya. Daga yadda suka bazu mai kiwo yake karanta lafiyar ɗakin. Na'urar da ke daidaita ko'ina ta hana tsako wannan zaɓi.

Sai gyara. Tambuwal tana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, ana iya samo mai gyara a yini. Ƙauyukan Kebbe ba haka ba ne. Allon lantarkin mai infata ba ya jure hawa da saukar wuta, kuma idan ya ƙone ba a ɗinke shi a bakin kasuwa. Akwai ma tarkon da ba kowa ya sani ba: akwai na'urorin da aka auna ƙarfinsu a zafin digiri 35, ajin T1, akwai waɗanda aka auna a digiri 46, ajin T3. Wanda ya sayi ta farko zai ga ta yi laushi a daidai ranakun Afrilu da ya fi buƙatarta.

Game da garken dabbobi kuwa, babu ma abin muhawara. Gudalin Sakkwato da jar akuya da ragon Uda ko Balami ba su buƙatar a ɗumama musu wuri. Zana a gefen da iska ke bugowa, busasshiyar makwanta da isasshen abinci sun ishe su.

A ɗora a ma'auni

Idan aka natsu za a ga ɓangarorin biyu ba gini ɗaya suke magana a kai ba. Mai goyon baya yana hango ƙaramin ɗaki mai silin da ƙofa mai rufuwa. Mai adawa yana kallon rumfar kwano mai ragar waya. Kowannensu ya yi gaskiya a kan ginin da ke ransa.

Don haka amsar ta rabu gida uku. Babban ɗakin kaji mai buɗaɗɗen gefe, garken dabbobi, garejin walda, wurin kafinta da injin niƙa: hujjar masu adawa ta rinjaya, kuɗin na'ura a nan asara ne. Shago mai tsabta da ke rufe, kamar na tela mai keken sirfani na kwamfuta, kemis, wurin gyaran waya, ɗakin ajiyar ƙwai da maganin dabbobi: masu goyon baya sun yi nasara, amma saboda sanyin bazara da rana, inda sola ke ɗaukar nauyin, ba saboda ɗumin hunturu ba. Wanda zai saya don haka, in ƙarin kuɗin mai ɗumi bai yi yawa ba, ya ɗauke ta.

Na ukun shi ne ɗakin rainon tsaki, kuma a nan ne maganar take da sharaɗi. Na'urar tana iya amfani idan an ware ƙaramin ɗaki na musamman, mai silin, mai tagogin da ake iya daidaita buɗinsu, ta riƙe ɗakin a wajen digiri 27 zuwa 28 don kada sanyin asuba ya faɗo, sannan murhun gas ko ƙwan zafi ya cika sauran a daidai kan tsakin. Sai an wanke ragarta kowane kwana biyu ko uku, kuma sai da abin ɗumi na ko-ta-kwana a ajiye. Mai tsaki ɗari biyu ko ɗari uku ba zai taɓa mayar da wannan kuɗi ba. Wanda ke raino zubi bayan zubi yana sayar wa ƙananan masu kiwo 'yan sati uku ko huɗu, shi ne lissafin zai iya yi wa daidai.

Abin da ɓangarorin biyu suka tsallake shi ne ya fi araha. Kakanninmu da suka gina soro mai kaurin bango da rufin azara sun samu ɗakin da ke riƙe ɗumi da dare ya hana zafi da rana, ba tare da waya ko ɗaya ba. Kwano ne ya kawar da wannan. Silin, ko na zana ne, da ciyawa ko karan dawa a kan rufi, da farin fenti, da itatuwan inuwa a gabas da yamma, suna rage buƙatar ɗumi da ta sanyi a lokaci guda. Ma'aunin zafi na 'yan kuɗi kaɗan, a rataye shi daidai tsayin tsako, ya fi hasashen yaron gona. Wanda zai ci gaba da gawayi ya sa shi a murhu mai bututun da ke fitar da hayaƙi waje. A Maris da Afrilu kuma, kafin laimar damina ta shigo, iskarmu a bushe take ƙwarai, don haka jiƙaƙƙen buhun algarara a gaban fanka yana sauke zafi sosai. Dabarar da Mohammed Bah Abba ya yi amfani da ita ke nan a Jigawa wajen tukunya cikin tukunya, wadda ta ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000.

Muhawarar za ta fi ƙarewa da awo maimakon baki. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda ke aiki kan hasken rana tun shekarun 1980, tana kuma da tsangayar likitancin dabbobi. Da za su haɗa kai da ƙungiyar masu kiwon kaji su raini zubi uku a hunturu ɗaya, ɗaya da gawayi, ɗaya da gas, ɗaya da wannan na'ura, su ƙirga mace-mace da nauyi da kuɗin da aka kashe, su bayyana sakamakon da Hausa a rediyo, da manomin Sanyinna ko Kebbe ya samu abin dogaro kafin ya sayar da sa ya sayi batir.

Kafin a kai ga haka, matsayata ita ce a bi tsari wajen kashe kuɗi: rufi da silin tukuna, sannan ma'aunin zafi da hanyar shigar iska, sannan ingantaccen murhu, na'ura kuma a ƙarshe, a ƙaramin ɗakin da ya cancance ta. Wanda ya bi haka, ko ya tsaya a mataki na biyu ya rage asara. Wanda ya fara daga na ƙarshe zai biya kuɗin na'ura da na batir, kuma gawayin ma ba zai daina saye ba.